Dutsen da ya faɗo Maigatari a 2004: daga ina ya taso?

1/  🧵
Ran Lahadi 1 ga Agusta 2004, tsakiyar damina, dutse ya faɗo daga sama a yankin Maigatari. Dutse fa na gaske, ba ƙanƙara ba. Abin da aka tsinta ya kai kilo 4.6. Yau sunan Maigatari na cikin kundin da masana kimiyya na duniya ke dubawa, mu 'yan ƙasar kuwa yawancinmu ba mu da labari.

2/ Ni kaina, ɗan Gagarawa Tasha, sai bana na sani. Ina neman wani abu daban a intanet na ci karo da "Maigatari-Danduma" a jerin duwatsun sama da ƙungiyar Meteoritical Society ke yi wa rajista. Da na zaci kasuwar dabbobi ta ran Alhamis ce kaɗai ta kai sunan garin waje. Lokacin da abin ya faru ina goye a bayan Inna.

3/ Tun ranar tambaya ɗaya ta hana ni sakat: daga ina dutsen nan ya taso, kuma wace hanya ya biyo har ya zo ƙasar Gumel? Ashe tambayar tana da amsa, kuma sai da masana suka yi kusan shekara 200 suna haɗa ta. Tarihin wannan amsar zan ba ku.

4/ Kafin nan, ku sani ba na Maigatari kaɗai ba ne. Ran 21 ga Yuli 2002 da magariba wani ya tarwatse a sama a ƙasar Haɗeja, gutattsarinsa suka zuba a ƙauyuka biyar, jimilla wajen kilo 19. Sunansa a kundi Kilabo. Ka ga biyu ke nan a arewacin Jigawa, shekara biyu tsakani.

5/ Akwai na Kabo a jihar Kano, 1971. Akwai na Zagami a ƙasar Katsina, 1962. Akwai na Mayo Belwa a Adamawa, 1974, da na Gujba a Yobe ta yanzu, 1984. A duk duniya duwatsun sama da aka yi wa rajista sun haura 70,000, amma waɗanda aka ga faɗowarsu da ido ba su kai 1,500 ba. Namu duka suna cikin wannan ƙaramin rukuni mai daraja.

6/ Mu fara raba abubuwa biyu da muke haɗawa. Abin da muke gani da dare mu ce "tauraro ya faɗi", yawanci ɗan tsakuwa ne da bai fi ƙwayar gero ba, yana ƙonewa can sama da kilomita 80. Malamai suna da bayaninsu a kan wannan, ba shi na zo taɓawa ba. Ni maganar dutsen da ya iso ƙasa har aka ɗauka a hannu nake yi.

7/ Sai gatarin aradu da ake tsinta a gona. Wannan aikin hannun mutanen da can ne, dutse suka goge suka mai da shi gatari. Ba daga sama ya zo ba. Dutsen sama na gaske yana da ɓawo baƙi siriri kamar an babbake shi, yana da nauyi fiye da girmansa, kuma yawancinsu maganaɗisu na kama su.

8/ Kada kowa ya ji kunyar rashin sani. Har ƙarshen ƙarni na 18 manyan masanan Turai dariya suke yi wa manomin da ya ce dutse ya faɗo masa daga sama. A 1794 wani Bajamushe, Ernst Chladni, ya rubuta littafi yana cewa manoman nan gaskiya suke faɗi, daga sararin samaniya duwatsun ke zuwa. Kaɗan ne suka saurare shi.

9/ Sai ran 26 ga Afrilu 1803 duwatsu wajen 3,000 suka zubo a garin L'Aigle na Faransa da rana tsaka. Aka tura matashin masani Jean-Baptiste Biot, ya bi ƙauye-ƙauye yana tambayar mutane abin da suka gani da abin da suka ji. Rahotonsa ya kashe gardamar. Don ku gane zamanin: shekara ɗaya ke nan kafin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu.

10/ Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: bakin mutanen ƙauye ne ya kafa wannan fannin ilimi. Biot bai ga faɗowar ba. Tambaya ya yi, ya rubuta.

11/ To an yarda daga sama suke. Daga ina a saman? Ran 1 ga Janairu 1801 Giuseppe Piazzi a Italiya ya hango wani abu tsakanin duniyar Mas da duniyar Jufita, aka sa masa suna Ceres. Faɗinsa wajen kilomita 940. Daga nan aka yi ta gano ƙanana. Su ne astaroyid: duwatsun da ke zagaya rana kamar yadda duniyarmu ke yi.

12/ Yawancinsu suna wani yanki mai kama da zobe tsakanin Mas da Jufita. Ragowar kayan gini ne da suka rage lokacin da duniyoyi ke haɗuwa, sama da shekara miliyan 4,500 da suka wuce. Ƙarfin jan Jufita ya hana su dunƙulewa su zama duniya guda. Duk ka tattara su ba su kai kashi 5 cikin 100 na nauyin wata ba.

13/ Ga matsalar. Zoben nan yana nesa da rana ninki biyu zuwa uku na nisanmu. Nisanmu da rana kilomita miliyan 150 ne. Kowane dutse yana kan hanyarsa kamar jirgi a kan dogo, mu ma muna kan tamu. Jirgin da ke layin Nguru ba ya wayar gari a layin Ƙaura Namoda haka kawai. Sai an canja masa layi. Wa ke canja wa dutse layi?

14/ Alama ta farko ta fito a 1866. Daniel Kirkwood, malamin lissafi a Amurka, ya jera astaroyid da aka sani a lokacin, ba su ma kai 100 ba, gwargwadon nisansu da rana. Sai ya ga akwai wurare da babu kowa, kamar an share da tsintsiya. Ya lura kuma wuraren suna da alaƙa da tafiyar Jufita.

15/ Misali ɗaya. Jufita na zagaya rana sau ɗaya a kusan shekara 12. Dutsen da ke nisan kilomita miliyan 375 daga rana yana zagayawa a kusan shekara 4. Wato duk zagaye ɗaya na Jufita, shi ya yi uku cif. Saboda haka a wurare guda suke ta haɗuwa, Jufita na jan sa ta fuska guda, yau da gobe.

16/ Duk wanda ya taɓa tura ƙaninsa a lilo ya san wannan. In kana turawa barkatai, lilon ba ya zuwa ko'ina. In ka daidaita, duk dawowarsa ka ɗan taɓa, ko da yatsa ne, sai ka ga yaro ya yi sama yana ihu. Haka Jufita ke yi wa dutsen da ya shiga wannan gurbi.

17/ Kirkwood ya ga guraben, amma ina duwatsun da aka share suka tafi? Ran 13 ga Agusta 1898 Gustav Witt a Balin ya gano Eros, astaroyid na farko da aka ga yana ƙetare hanyar Mas yana matsowa kusa da tamu. Shekara biyar ke nan kafin Turawa su ci Kano.

18/ A 1932 Karl Reinmuth a Jamus ya gano Apollo, na farko da aka tabbatar hanyarsa tana gitta hanyar duniyarmu kanta. Lokacin dogon Kano zuwa Nguru, wanda ya ba garinmu sunan Tasha, bai fi shekara biyu da kammaluwa ba. A 1976 Eleanor Helin ta gano Aten, wanda shekararsa ba ta kai tamu tsawo ba. Yau irin waɗannan maƙwabta da aka sani sun haura 35,000.

19/ Daga nan sai lissafi ya ƙi fita. Dutsen da ke gitta hanyoyin duniyoyi ba ya daɗewa. Ko ya faɗa rana, ko Jufita ta wurga shi waje gaba ɗaya, ko ya yi karo da wata duniya. Yawanci cikin shekara miliyan 10 an gama da shi. Amma tsarin ya haura shekara miliyan 4,500. Da tuni sun ƙare. Tunda har yau suna nan, akwai inda ake kawo sababbi.

20/ Wanda ya buɗe ƙofar shi ne Jack Wisdom, a farkon shekarun 1980, yana matashi a Amurka. Ya samo dabarar sa kwamfuta ta bi tafiyar dutse na tsawon shekaru miliyoyi. Ya ga dutsen da ke gurbin nan na uku-da-ɗaya zai yi dubban ɗaruruwan shekaru lafiya lau, sai kwatsam hanyarsa ta miƙe.

21/ Me ake nufi da ta miƙe? Da hanyar kusan da'ira ce kamar faifai. Yanzu ta koma kamar ƙwai mai tsawo: gefe ɗaya yana can cikin zoben, ɗaya gefen ya kutso ya ƙetare hanyar Mas, har ya iso tamu. A 1985 Wisdom ya nuna ta wannan ƙofar duwatsu ke iya isowa duniya. Ga mai canja layin an samu.

22/ Akwai ƙofa ta biyu a bakin zoben ta ciki, ita kuma duniyar Zuhal ce mai gadinta. Hanyar kowane dutse tana juyawa a hankali kamar hannun agogo. In saurin juyawarta ya yi daidai da na hanyar Zuhal, labarin lilo ya sake maimaituwa. Waɗannan ƙofofi biyu suna cikin manyan hanyoyin da baƙinmu ke fitowa.

23/ Saura tambaya ɗaya: in an share gurbin tun tuni, me ke kawo sababbin duwatsu bakin ƙofa? Amsar ta fito daga wani injiniyan jirgin ƙasa, abin da ya ba ni dariya ni ɗan Tasha. Sunansa Ivan Yarkovsky, a Rasha ya yi aiki. Wajen 1900 ya rubuta wata 'yar ƙasida a lokacin hutunsa, ya rasu a 1902, aka manta da ita.

24/ Ernst Öpik, masani ɗan ƙasar Estoniya, ya karanta ƙasidar yana saurayi. Sai a 1951 ya tuno da ita ya ambaci mai ita a rubutunsa. Ba don shi ba da sunan ya ɓace. Ga abin da injiniyan ya hango.

25/ Ku tuna bangon ɗaki a watan Afrilu. Rana ta fi ƙarfi da azahar, amma bangon ya fi huci bayan la'asar, har dare yana fitar da zafi. Dutse mai juyawa a sarari haka yake: gefen da ke "la'asar" ya fi fitar da zafi. Zafin da ke fita yana ɗan tura dutsen baya, turi ƙanƙani ƙwarai, amma ba ya tsayawa dare da rana.

26/ An auna abin. Astaroyid Bennu, mai faɗin wajen mita 500, hanyarsa tana matsawa kusa da rana da mita 284 duk shekara. Daga tasha zuwa bakin kasuwa ke nan. Amma ninka shi sau miliyan 10, ka samu kusan kilomita miliyan 3. Ƙananan duwatsu ma sun fi saurin matsawa. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

27/ Yanzu mu haɗa tafiyar baƙon Maigatari tasha-tasha, yadda masana suka fahimci tafiyar irinsa.
Tasha ta farko: yana jikin wani babban astaroyid a cikin zoben.
Ta biyu: wani ya buge uwar, gutsure ya fita.
Ta uku: zafin rana ya yi ta tura shi har bakin ƙofa.
Ta huɗu: Jufita ko Zuhal ta miƙar da hanyarsa.
Ta biyar: ya yi ta gitta hanyarmu muna saɓani, har ranar da muka iso mahaɗa lokaci guda.

28/ Duniya na gudu kilomita 30 a sakan ɗaya a kan hanyarta, tana kuma juyawa. Da dutsen ya makara da 'yan mintuna, da ya wuce bai same mu ba. A irin gudun da suke shigowa, wajen kilomita 20 a sakan, Kano zuwa Abuja ba ta kai rabin minti ba. Iska ce ke taka musu birki, ta cinye mafi yawan jikinsu. Kilo 4.6 ɗin nan ragowa ne.

29/ Wani zai ce, duk wannan lissafin kwamfuta ne, ina shaida? Ran 7 ga Afrilu 1959 kyamarori a ƙasar Cekoslobakiya suka ɗauki faɗowar wani dutse kusa da garin Příbram daga wurare daban-daban. Da hotunan aka lissafa hanyarsa a karon farko a tarihi. Ƙarshenta na nesa yana cikin zoben nan dai. Kuma dangin na Maigatari ne, rukunin da ake kira H.

30/ H na nufin mai ƙarfe da yawa: fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ƙarfe ne. An rubuta na Maigatari H5/6, lambobin suna nuna ya sha zafi sosai a cikin uwarsa tun farkon zamani. In an yanka irinsa ana ganin 'yan ƙwallaye kamar gero, shekarunsu wajen miliyan 4,560. Babu dutsen da ke ƙasar Najeriya da ya kai su tsufa.

31/ Dutsen ma yana ɗauke da agogonsa. Daga ranar da ya rabu da uwarsa, wani haske mai ratsa jiki da ke yawo a sarari yana barin alama a cikinsa, ana iya ƙirgawa a ɗakin gwaji. Kaso babba na rukunin H suna nuna shekara miliyan 7 zuwa 8. Wato karo guda ne ya fasa su, har yau ɓaraguzansa ke zubo mana.

32/ Wace ce uwar? An daɗe ana nuna astaroyid Hebe, don tana zaune kusa da ƙofofin nan biyu. Binciken da ya fito a mujallar Nature a 2024 kuma ya nuna dangin Koronis da Karin. Ana kan muhawarar. Kowane dutse da aka ga faɗowarsa aka adana shi da kyau, shaida ce a wannan shari'ar.

33/ Na Kilabo kuma rukunin LL ne, mai ƙarancin ƙarfe. A 2010 kumbon Hayabusa na Japan ya dawo da ƙura daga astaroyid Itokawa, wanda ke gitta hanyar duniya. Da aka duba ƙurar, LL ce. Japan ta yi tafiyar shekara bakwai ta ɗebo abin da bai kai ƙwayar gero ba. Irinsa kilo 19 ya sauka a ƙasar Haɗeja kyauta.

34/ Na Zagami ya fi ban mamaki. Ran 3 ga Oktoba 1962 wani manomi yana korar hankaki a gonarsa, dutse mai kilo 18 ya dira kamar mita uku daga inda yake tsaye. Shekaru bayan haka aka samu iska maƙale a cikinsa, ta yi daidai da iskar da kumbon Viking ya auna a duniyar Mas a 1976. Gutsuren Mas ne ya faɗo ƙasar Faskari.

35/ Yaya aka yi? Wani astaroyid mai gitta hanyar Mas ya buge ta da ƙarfin da ya fille duwatsu suka bar ta gaba ɗaya. Na Zagami ya yi wajen shekara miliyan 3 yana yawo kafin ya same mu. A 1996 aka maƙala ɗan gutsurensa a kumbon Mars Global Surveyor aka mai da shi can. Ɗan Katsina na farko da ya je Mas. 😅

36/ Yanzu labarin da ya fi taɓa ni. Ran 6 ga Oktoba 2008 Richard Kowalski a Arizona ya hango wani dutse mai faɗin wajen mita 4. Lissafi ya nuna zai shigo cikin ƙasa da kwana ɗaya, a arewacin Sudan. Haka kuwa aka yi, da asubahin 7 ga wata ya tarwatse a saman hamadar Nubiya. Karo na farko ke nan da aka ga dutse tun yana sarari aka faɗi inda zai sauka.

37/ Da yawa sun ɗauka ya zama ƙura. Amma a Disamba Dakta Muawia Shaddad na Jami'ar Khartum da Peter Jenniskens daga Amurka suka kwashi ɗalibai zuwa hamada. Ɗaliban suka jeru sahu guda suna tafiya a ƙasa suna duba yashi. A ƙarshe aka tara gutsattsari wajen 600. Ɗalibai fa, irina da irinku.

38/ Kun san sunan da aka sa wa dutsen? Almahata Sitta. Da Larabci, Tasha ta Shida, wata 'yar tashar jirgin ƙasa a layin Wadi Halfa zuwa Abu Hamad. Da na karanta sai na ajiye waya na yi shiru. Tasha ce kamar tamu, ƙasar yashi kamar tamu. Bambancin kawai, su sun fita sun nema, sun rubuta inda kowane gutsure ya kwanta.

39/ Ga ɗaya fuskar. A Nuwamba 2023 aka tsinci dutsen Mas mai kusan kilo 25 a yankin Agadas. Ran 16 ga Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a Sotheby's a New York, dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita, masu gwanjon suka ce an bi ƙa'ida. Sunansa a kundi NWA 16788, haruffa da lamba. Ko sunan gari babu.

40/ Na Gujba kuwa, mai wajen kilo 100, irin da samunsa ke da wuya ƙwarai, farfasa shi aka yi aka rarraba kafin masana su iso. Ba na zargin kowa, babu wanda ya gaya musu abin da ke hannunsu. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

41/ Sanin hanyar duwatsun nan ya wuce sha'awa. Ran 15 ga Fabrairu 2013 mai faɗin wajen mita 20 ya fashe a saman Chelyabinsk a Rasha, mutum kusan 1,500 suka ji rauni, yawanci daga fasassun gilasai. Ta ɓangaren rana ya ɓullo, ba wanda ya hango shi. Tafkin Bosumtwi kusa da Kumasi ma ramin irin wannan karo ne, faɗinsa sama da kilomita 10, shekara wajen miliyan ɗaya.

42/ Kada hankali ya tashi. Manya masu faɗin kilomita ɗaya ko fiye, an gano sama da kashi 90 cikin 100, babu wanda ya nufo mu a wannan ƙarnin. Matsakaita ne ake kan nema. Kuma ran 26 ga Satumba 2022 kumbon DART ya daki astaroyid Dimorphos da gangan, ya rage lokacin zagayensa da wajen minti 32. An gwada canja wa dutse layi, ya yiwu.

43/ Ga abin da za mu gani da idonmu in Allah ya kai mu. A Yuni 2004, mako shida kafin na Maigatari ya faɗo, aka gano Apophis, mai faɗin wajen mita 340. A Disambar shekarar lissafi ya ba shi kashi 2.7 cikin 100 na buge mu a 2029. Ƙarin awo ya soke wannan, a 2021 aka tabbatar babu haɗari na aƙalla shekara 100.

44/ Amma zai wuce kusa. Ran Juma'a 13 ga Afrilu 2029, wajen ƙarfe 11 saura na dare agogonmu, zai gitta kilomita 32,000 daga doron ƙasa, ƙasa da taurarin ɗan'adam da dish ɗinmu ke kallo. Afirka na cikin wuraren da za a gan shi ba tare da na'ura ba, kamar ƙaramin tauraro mai tafiya. Ƙarfin jan duniya zai canja masa hanya a daren: shekararsa da ba ta kai tamu ba za ta koma ta fi tamu tsawo.

45/ To in wani ya sake faɗowa fa? Hanyar na Chelyabinsk daga bidiyon kyamarorin motoci aka lissafa ta. Kowannenmu yana da kyamara a aljihu. In ka ga wuta mai haske ta keta sama, ɗauki bidiyo har da bishiya ko gini a ciki, rubuta lokaci da inda kake tsaye da inda ta nufa. Bidiyo biyu, ɗaya daga Gumel ɗaya daga Sule Tankarkar, suna iya nuna layin da dutsen ya biyo.

46/ In an tsinci dutsen: a ɗauki hotonsa a inda yake kafin a taɓa, a ajiye lambar wurin a waya. Kada a wanke, kada a fasa, kada a jiƙa a sha. A sa shi a leda mai tsabta, a sanar da mai unguwa, a nemi sashen nazarin ƙasa na jami'a, kamar na ABU Zariya ko BUK, ko Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya. Ko sayarwa za a yi daga baya, dutsen da aka san ranarsa da wurinsa ya fi daraja.

47/ Roƙona na ƙarshe ga 'yan Maigatari da kewaye, da 'yan ƙasar Haɗeja. Waɗanda suka ji ƙarar 2002 da ta 2004 suna nan da ransu, iyayenmu ne da kakanninmu. Ku zauna da su, ku kunna rikoda, ku tambaye su: ina kuke tsaye, daga wace kusurwa ya ɓullo, ƙara nawa kuka ji, wa ya fara ɗauka? Aikin da Biot ya yi a 1803 ke nan, kuma waya ta isa.

48/ Wanda ya samu wani abu ya ajiye a ƙarƙashin zaren nan, zan tattara in sake kawo muku. Ni ma ran Alhamis mai zuwa zan shiga motar Maigatari in fara tambaya daga bakin kasuwa. Allah ya kai mu Afrilun 2029, mu haɗu a filin tasha mu ɗaga kai tare.